Makarantar Koyon Tuƙi ta Mata a Jidda: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Tun daga ranar 24 ga watan Yuni na shekarar 2018 doka ta ba mace damar tuƙa mota a ƙasar Saudiyya, bayan umarnin da Sarki Salman ya bayar a watan Satumba na 2017, kuma ba a sharɗanta mata kawo izinin waliyyi kafin ta nemi lasisi ba. Duk da haka, wanda ya zauna a taron biki ko na suna na Hausawan Jidda ya nemi matan da suka haura shekara arba'in waɗanda ke riƙe da lasisi, ba zai sha wahalar ƙirga su ba, domin ba su da yawa. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne tsadar kuɗin makaranta, kuma dalili ne na gaskiya, amma na daɗe da lura cewa akwai wani a ƙarƙashinsa wanda ba a cika furta shi ba, wato tsoron mace ta je ta faɗi jarrabawa, labari ya zaga dangi, a riƙa cewa wance ta zuba kuɗi ta dawo hannu rabbana. Wannan sharhi ne a kan wata makarantar koyon tuƙi ta mata da na halarta a nan Jidda. Ba zan kama sunanta ba, tun da zan faɗi alherinta in kuma faɗi aibinta, kuma ma'aunin da zan auna ta da shi shi ne yadda take yi da wannan tsoron, domin a ganina shi ne babban aikin da ake biyanta ta yi.

Buƙatar mota ta ƙaru a kan iyalanmu a 'yan shekarun nan. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya ci gaba cikin 2022 ya shafi tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail da Petromin da Sabil, inda mutanenmu da yawa suka yi shekara da shekaru suna zaune ƙofa da ƙofa. A da mace tana iya tafiya da ƙafa ta gaida mahaifiyarta, ta biya kasuwa, ta ɗauko yara daga makaranta, duk kafin azahar. Yanzu dangi sun warwatsu, wasu a kudancin gari, wasu a gabas bayan babbar hanyar Haramain, wasu ma sun koma Makka. Jidda ba ta da jirgin ƙasa na cikin gari irin wanda aka buɗe a Riyad a ƙarshen 2024, motocin bas ba sa shiga kowane lungu, kuma wadda take dogara da tasin da ake kira ta waya irin su Uber ko Careem kowace rana ta san abin da suke ci a wata. Don haka koyon tuƙi ga mace irina ya daina zama abin sha'awa kawai, ya koma buƙata irin ta yau da kullum.

Rajista ba ta da wuya ga wadda takardunta suke daidai. Ana buƙatar katin ɗan ƙasa ko iƙama mai rai, wato takardar izinin zama ta baƙi, da shekara 18 zuwa sama, da gwajin ido da na rukunin jini a asibitin da hukuma ta amince da shi, wanda shi ne yake aika sakamakon ta intanet, sannan a nemi gurbi ta Absher, manhajar hidimomin gwamnati. Wadda ta riga ta iya tuƙi ana gwada ta a rage mata awanni. Wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba kuwa, tsarinta awa 30 ne: awa 8 na karatu a aji, awa 2 a kan na'urar kwaikwayon tuƙi, sai awa 20 a cikin mota tare da malama. Na biya riyal 2,760, wato 2,400 da harajin kashi 15 cikin ɗari a kai, ban da kuɗin lasisin kansa, wanda yake riyal 200 na shekara biyar ko 400 na shekara goma. Kuɗi ne masu nauyi ga gidan da mutum ɗaya ne yake nema, kuma tun a 2018 mata suka yi ta kokawa cewa abin da ake karɓa a hannunsu ya ninka na maza sau da yawa. Tsadar tana da wata illa da ta shafi batunmu kai tsaye: gwargwadon yawan abin da mace ta biya, gwargwadon yadda faɗuwa take ƙara yi mata girma a ido, musamman idan adashe ta ɗauka ta biya, ko ɗanta ne ya tara mata.

Karatun aji shi ne sashen da na fi saurin wucewa a kansa, domin babu wani abin mamaki a ciki. Ana koyar da alamomin hanya, da wanda yake da haƙƙin fara wucewa a shataletale, da tazarar da ya kamata a bari tsakanin mota da mota, da tarar laifuffuka: tsallake jan danja riyal 3,000 zuwa 6,000, riƙe waya ana tuƙi riyal 500 zuwa 900, rashin ɗaura bel riyal 150 zuwa 300. An yi mana bayanin kyamarorin Sahir masu kama laifuffukan hanya, waɗanda suka fara aiki a ƙasar tun 2010. Malamar ajinmu ta san aikinta, sai dai ta fi ba da ƙarfi a kan tara da hotunan haɗurra, kuma ban ga hikimar nuna wa matan da suka shigo gabansu na faɗuwa hotunan motocin da suka ragargaje a awar farko ba. Matashin da yake jin kansa a kan hanya yana iya buƙatar a razana shi, amma yawancin matan da na zauna da su a ajin nan razana ce ta yi musu yawa tun daga gida. Matsala ta biyu ita ce harshe. Da Larabci ake darasin, akwai kuma rukuni na Turanci. Mu da aka haifa a nan ba mu da damuwa, amma dattijuwar da ta zo daga Kano ko Damagaram da girmanta, wadda Larabcinta na kasuwa da Harami ne, tana fita daga ajin da rabin bayani, kuma kunya ba za ta bar ta ta ɗaga hannu ta ce a maimaita ba.

Inda makarantar ta fara burge ni shi ne ɗakin na'urar kwaikwayon tuƙi. Kujera ce irin ta mota da sitiyari da birki da totur da bel, ga manyan allunan talabijin a gaba da gefe suna nuna hanya, mace ta zauna ta tuƙa kamar gaske. A cikin wannan ɗaki mata suna hawa kan dakalin gefen titi, suna bugar motar gaba, suna taka totur a inda suka yi niyyar taka birki, kuma babu abin da yake faruwa illa allon ya tsaya, malama ta danna maɓalli, hanya ta dawo daga farko. Na ga amfanin wannan fiye da yadda na zata. Mace da ta yi shekaru tana ɗauke da tunanin cewa ranar da ta yi kuskure a mota ranar za ta kashe wani, sai ga shi ta yi kuskuren, ta gan shi da idonta, an nuna mata daidai inda ƙafarta ta zame, an ce ta sake. Tsoron da a da ya lulluɓe komai ba shi da kai ba shi da gindi, sai ya tattaru ya koma abu guda mai suna, misali jinkirin ɗage ƙafa daga totur, wanda ake iya gyarawa cikin mintoci. Malamar ɗakin, wata matashiya mai haƙuri, tana da wata magana da take yi wa duk wadda ta daskare bayan ta yi karo, tana kiranta Khala, wato Inna da Larabci: "Khala, nan ne wurin da aka gina domin a yi karo, ki gama naki a nan." Abin takaici shi ne awa biyu kacal aka ware wa ɗakin. Da ni ake tambaya, da an rage daga karatun aji an ƙara a nan, ko kuma a bar ƙofar a buɗe ga wadda take son ta dawo ta ƙara gwadawa da ɗan kuɗi kaɗan.

Awanni ashirin na cikin mota su ne zuciyar abin da ake saya. Ana farawa a filin makaranta, wanda aka kewaye aka zana masa hanyoyi da shataletale da danja da wuraren fakin da ɗan tudu. Motocin duka otomatik ne, masu tsabta, na'urar sanyaya iska tana aiki, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a zafin Jidda da gumin bakin teku. Abu mafi muhimmanci a cikin motar shi ne birki na biyu da ke ƙarƙashin ƙafar malama. Malamata ta nuna mini shi kafin ta nuna mini komai, ta sa na tayar da mota na fara tafiya a hankali, ta taka nata birkin motar ta tsaya cak, sannan ta ce, "Kin gani, Yaya? Muddin ina zaune a nan, babu kuskuren da za ki yi wanda ƙafata ba za ta riga shi ba." Bahaushiya ce haifaffiyar Makka, ba ta kai ni shekaru ba, kuma tun daga ranar take kirana Yaya, muna cakuɗa Hausa da Larabci yadda muka saba a gida. Kafin kowace fita sai mu karanta addu'ar hawa abin hawa, ta jira sai ta ji ƙarar bel ɗina ya shiga, ta tuna mini da hadisin nan na ɗaure raƙuma sannan a yi tawakkali.

Na daɗe ina tunanin abin da ya bambanta koyarwarta da ta mazan gida, waɗanda da yawansu sun gwada koya wa matansu ko ƙannensu a fili bayan gari aka rabu ba daɗi. Ina jin bambancin yana cikin yadda take gyara. Ba ta taɓa cewa mace ba ta iya ba, ko ba ta da natsuwa, ko kanta ba ya ɗauka. Idan aka ci kwana da faɗi, sai ta ce an makara da juya sitiyari, a fara juyawa idan madubin gefe ya zo daidai da kusurwar dakali. Idan ribas ya karkace, sai ta sa a tsaya, a fito daga mota, a zagaya a ga inda tayar baya take da ido, a koma a sake. Kuskuren yana zama a kan sitiyari da taya da madubi, ba ya hawa kan mutuncin mai koyo. Haka kuma ba ta yabon banza. Idan ta ce fakin ya yi kyau to ya yi kyau ne, kuma saboda ba ta rabon yabo kamar goro, ranar da ta yaba sai maganar ta zauna a zuciya. Tana kuma hawa da mutum mataki-mataki, ba ta kai mace shataletale sai tsayawa da tashi sun zauna mata a ƙafa, ba ta fara fakin tsakanin motoci biyu sai ribas a miƙe ya daina sa ta riƙe numfashi, kamar dai yadda uwa take yi wa yaro tatata, tana matsawa baya taku ɗaya duk lokacin da ya iso hannunta.

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya bayyana a shekarar 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana shigowa ne ta ƙofa huɗu: abin da ya gwada da hannunsa ya ga ya yiwu, abin da ya ga ire-irensa sun yi, ƙarfafawar baki daga wanda ya amince da shi, da kuma yanayin jikinsa a lokacin da yake aikin. Ya ce ta farkon ce ta fi ƙarfi. Na kawo wannan ne domin ya yi daidai da abin da na gani a filin nan, kuma ya saɓa wa abin da ake yawan sayar mana a tarukan ƙarfafa gwiwa da bidiyoyin waya, inda ake cewa mutum ya tsaya gaban madubi ya gaya wa kansa shi gwani ne. Babu wadda ta fita daga makarantar nan da ƙarfin zuciya saboda an gaya mata ta yarda da kanta. Ƙarfin zuciyar ya taru ne daga ƙananan abubuwa da aka yi aka ga sun yiwu, yau ta tsaya a kan layi ba ta wuce ba, gobe ta tashi a kan tudu mota ba ta gangara baya ba, har jiki ya gaji da jin tsoron abin da ya maimaita sau da yawa.

Ƙofa ta biyu, wato ganin ire-irenka, makarantar ba ta tsara ta ba, amma tana faruwa da kanta a ɗakin jira, kuma a wurina ta kusan kai darasin mota amfani. A nan na san wata Hajiya, uwar jikoki, wadda mijinta ya kamu da ciwon ƙoda ana kai shi wankin ƙoda a kai a kai, 'ya'yanta maza kuma aiki ya kai su Damam da Riyad. Ta shiga jarrabawar fili ba ta ci ba, fakin ne ya kayar da ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta shigo ɗakin jira ta faɗa da bakinta, a gaban kowa, ba tare da rage murya ba. Wata yarinya ta ce mata, "Gwaggo, ki yi haƙuri, kada ki bari kowa ya ji a gida." Hajiya ta amsa mata da cewa, "'Yar nan, ai na riga na buga wa Alhaji waya na gaya masa. Wanda zai yi dariya ya zo ya kai shi asibiti ranar Asabar." Ta karɓi ƙarin awanni, ta koma, ta ci. Bayan wannan rana na lura mata sun fara faɗin sakamakonsu a fili, har ana tambayar juna a ina aka kayar da ke, me mai jarrabawa ta ce. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya na gida, kuma a harkar tuƙin mata kunyar gida ce ta fi hana mu motsi, domin tsoron hanya malama tana iya cire shi da birki na biyu, amma kunyar a ji an faɗi sai wata ta fara karya ta a gaban saura. Da makarantar za ta riƙa gayyato irin su Hajiya su zauna da sababbin ɗalibai na rabin awa a ranar farko, da ya fi dukan hotunan haɗurran nan amfani.

Yanzu sai aibi, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, malamai ba ɗaya suke ba, kuma ɗaliba ba ta da ta cewa a kan wadda za a ba ta. Lokacin da malamata ta tafi hutu an haɗa ni da wata wadda hannunta yake kan sitiyarina kusan kowane lokaci, tana fizge shi tun kafin in fara kwana, tana tsaki, tana duba agogo. Ba zagi take yi ba, amma duk wadda ta zauna kusa da ita ta san an riga an yanke mata hukuncin ba za ta iya ba. Na ga wata baiwar Allah ta fito daga motarta tana share hawaye, kuma ban sake ganinta a makarantar ba. Idan an yi ƙorafi a ofis ana canza malama, ni ma an canza mini ba tare da gardama ba, amma babu wanda yake gaya wa ɗalibai tun farko cewa suna da wannan dama, kuma mace mai kawaici ta gwammace ta haƙura da kuɗinta da ta kai ƙarar wata. Wannan asara ce da makarantar take iya toshewa da jimla ɗaya a ranar rajista.

Na biyu shi ne tsarin lokaci. Tsakanin rajista da fara darasi akwai jira mai tsawo, sannan darussan kansu wani lokaci a jere suke, wani lokaci kuma a sami giɓin da zai sa abin da ƙafa ta fara sabawa da shi ya fara gushewa. Ga mai koyon da take fama da fargaba, dogon giɓi yana ba tsohon tsoro damar dawowa. Manhajar makarantar ta wayar hannu tana yawan nuna babu gurbi, sai an je da ƙafa an roƙa a ofis.

Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne ƙarancin lokacin da ake yi a kan titin gaske. Mafi yawan awannin a cikin fili suke ƙarewa, inda kowace mota ta ɗaliba ce, kowa yana tafiya a hankali, kowa yana kunna sigina. Fitar da ake yi waje ana yin ta ne a titunan da ke kewaye da makarantar, masu faɗi marasa cunkoso. Jidda kuwa ba haka take ba. Wadda za ta hau Hanyar Madina da safe, ko ta shiga Titin Falasɗinu bayan la'asar, ko ta nemi fita daga babbar hanyar Haramain tana tsakanin manyan motoci, za ta tarar da direbobin da suke canza hannu ba sigina, da masu manne wa mota ta baya suna walƙa fitila, da masu danna oda tun kafin danja ta gama komawa kore. Makarantar tana shirya mace ta ci jarrabawa, kuma tana yin hakan da kyau, amma tsakanin cin jarrabawa da iya kai yara makaranta akwai rata mai faɗi da aka bar wa mace ta tsallaka ita kaɗai. Na san mata da suka karɓi lasisi suka ajiye shi a jaka, ba su sake taɓa sitiyari ba, domin ranar farko da suka fita babu birki na biyu wani ya matsa musu da oda, jikinsu ya ɗauki rawa, suka yanke cewa tuƙi ba nasu ba ne.

Wannan ya kawo ni ga ƙofa ta huɗu a lissafin Bandura, yanayin jiki, wadda makarantar ta yi wa riƙon sakainar kashi. Babu darasi ko ɗaya a kan abin da mace za ta yi idan zuciyarta ta fara bugawa a tsakiyar hanya, tafin hannunta ya jiƙe, ta ji kamar ta saki komai. Malamata ce kawai, don ra'ayin kanta, ta koya mini in sassauta riƙon sitiyari, in fitar da numfashi a hankali, in tsaya a hannun dama in bar mai gaggawa ya wuce, kuma in sani cewa odar wani ba umarni ba ce. Haka nan an ambaci Najm, kamfanin da ake kira idan an yi ƙaramin haɗari tsakanin motoci masu inshora, amma a gurguje. Ya kamata a zaunar da ɗalibai a nuna musu dalla-dalla: a kunna fitilun gargaɗi, a ɗauki hoto, a buɗe manhaja a kai rahoto, a jira, kada a shiga cacar baki. Macen da ta san cewa gogar mota abu ne da yake da tsari da takarda da inshora, ba ƙarshen duniya ba, tana tuƙi da sakakken jiki fiye da wadda take ganin ranar da ta goga motar wani asirinta ya tonu. Ya kamata kuma a gaya wa mata cewa tun a 2018, kafin a fara tuƙin, an kafa dokar hukunta masu cin zarafi da tsangwama, wadda ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi, domin tsoron samarin da za su bi mace a hanya yana cikin abin da iyaye suke kafa hujja da shi.

Ranar jarrabawa an tsara ta da mutunci. Ta karatu a kan kwamfuta ake yi, tambaya da zaɓin amsa, kuma wadda ta bi darasi ta yi bita ba za ta sha wuya ba. Ta mota kuwa a filin da aka saba ake yi, a irin motar da aka saba, kuma mai jarrabawar ba ta da fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Abin da na yaba shi ne wadda ba ta ci ba ana ba ta bayanin inda ta rasa maki, ba a sallame ta da kalmar faɗuwa kawai ba, don haka tana fita da sanin abin da za ta gyara. Abin da ban yaba ba shi ne ƙarin awannin da ake ɗora mata da kuɗi ne, kuma ba a bayyana wannan sosai lokacin rajista. Mace da ta san tun farko nawa sake gwadawa zai ci mata tana iya ware kuɗin a gefe, ta shiga jarrabawa ba tare da jin cewa komai nata ya rataya a kan fakin guda ba.

Ga 'yar'uwar da take shawarar shiga, ra'ayina shi ne ta shiga, kuɗin ba su tafi a banza ba, musamman idan aka dace da malama. Amma ta tafi da shiri. Ta tambaya a ofis tun ranar farko ko akwai malama mai jin Hausa idan Larabcinta bai nuna ba, domin akwai 'ya'yanmu a cikin masu koyarwa kuma ba a rasa su. Ta nemi a jera mata darussanta kusa da juna ko da za ta ɗan ƙara jira kafin ta fara. Idan aka haɗa ta da mai fizgar sitiyari, ta nemi canji a ranar, kada ta bari kawaici ya cinye mata awanni. Ta kuma nemi a yi mata awanninta na ƙarshe a kan titi mai motoci, ko da sai ta biya ƙari. Bayan lasisi ya fito, kada ta bari mako ya wuce ba ta tuƙa ba: safiyar Juma'a kafin a fara fita masallaci titunan Jidda kusan fayau suke, kuma lokaci ne mai kyau na bin hanyar makarantar yara ko ta asibiti tare da wata 'yar'uwa da ta riga ta saba, wadda za ta zauna a gefe ta yi shiru sai an tambaye ta.